Kyamara mai ido biyu: wacce ta dace da mai ɗaukar hoto a Kaduna?

Tambayar da wani matashi daga Unguwar Dosa ya aiko ita ce: "Baba, na daɗe ina aiki da dijital, yanzu kuma hankalina ya koma kan tsofaffin kyamarorin nan masu ido biyu da ake leƙawa ta sama, masu cin fim 120. Na ga Rolleiflex, na ga Yashica, na ga Mamiya, farashinsu ya yi nisa da juna ƙwarai. Hoton mutane na fi so. Wacce zan saya?"

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Idan gajeriyar amsa kake so, ga ta: ka nemi Yashica mai idon Yashinon, ko Rolleicord daga samfurin V zuwa Vb, wadda shotarta ke da cikakkiyar lafiya, ka saya, ragowar kuɗin kuma ka zuba su a fim da kayan wanki. Na san ranka yana kan Rolleiflex, kowa ma can idonsa ke fara sauka. Amma a garin nan, sunan da ke rubuce a goshin kyamara shi ne na ƙarshe cikin abubuwan da za su ba ka hoto. Lafiyarta ke gaba, sai abin da za ka ɗura mata. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai ka san yadda aka gina ta kafin ka san inda za ka duba in ka je saye. Idon sama na kallo ne kawai. Haske ya shiga ta cikinsa, ya bugi wani madubi da ke kishingiɗe a ciki, ya hau allon gilashin da kake sunkuyawa kana leƙawa. Idon ƙasa shi ne mai ɗauka, a cikinsa shota take, da ƙofar haske da kake buɗewa ko tsukewa. Duka biyun suna kan faranti ɗaya, in ka murɗa fokas tare suke fita tare suke komawa. Madubin ba ya motsi ko kaɗan, shi ya sa ba ta girgiza, ƙararta kuma ɗan ƙas ne da wanda ke gabanka ma ba lallai ya ji ba. In ka ja igiyar rataya ta yi tauri a wuyanka, ka tokare kyamarar da cikinka, za ka iya ɗauka a gudun shota 1/30 na daƙiƙa hoton ya fito garau. Sai dai abin da ka gani a allon, hagu ya koma dama, dama ta koma hagu, kuma tunda idon kallo yana sama da na ɗauka, in ka matso kusa da mutum abin da kake gani da abin da fim ke gani suna ɗan saɓawa. Da haka ne sabon shiga ke yanke wa mutane hula.

Fim 120 Kodak ce ta fito da shi a 1901, har yau kuma ana yin sa. Naɗi ɗaya hoto 12 yake ba ka, kowanne kimanin milimita 56 tsawo da faɗi, wato ya ninka na fim 35 fiye da sau uku da rabi. Daga nan laushin fata da fitowar zaren aikin wuyan riga suke zuwa. Ka kula da abu guda a nan, don mutane da yawa sun yi asara a kansa: akwai masu ido biyu da ba 120 suke ci ba. Yashica 44 da ƙaramar Rolleiflex mai 4x4 fim 127 suke ci, Kodak Duaflex da ire-irenta kuma 620, wanda aka daina yi tun 1995. In ka ga ɗayansu da araha, wuce abinka.

To, Rolleiflex. Kamfanin Franke da Heidecke na birnin Braunschweig a Jamus ya fara sayar da ita a 1929, kuma kusan duk wata mai ido biyu da ta biyo baya, ita ta kwaikwaya. Manyanta su ne 3.5F ta 1958 da 2.8F ta 1960, masu idon Planar na Zeiss ko Xenotar na Schneider. Ba zan rage musu komai ba. Wanda ya taɓa juya hannun 2.8F lafiyayya ya san akwai bambanci tsakanin aiki da aiki. A buɗe gaba ɗaya, idonsu ya fi na sauran kaifi har zuwa kusurwa. Amma ka tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11, inda rana irin tamu za ta tilasta maka zama galibin lokaci, ka ajiye hotonta kusa da na Rolleicord mai idon Xenar, mutane kaɗan ne za su iya nuna maka wanne ne wanne. Kuɗin 2.8F guda kuwa zai saya maka Yashica da yawa. Ga kuma abin da ya fi damuna. Cikin Rolleiflex akwai wata dabara da ta zo tun samfurin Automat na 1937: wasu 'yan sanduna da ke jin kaurin fim in ya wuce ta tsakaninsu, su tsayar da lissafi a kan hoto na farko da kansu. Abin sha'awa ne matuƙa, amma ranar da ya goce, sai ƙwararre mai kayan aikinta, kuma sau da yawa sai an kai ta ƙasar waje an dawo da ita. Ka lissafa kuɗin aike da watannin jira kafin ka ce ka yi sa'ar ciniki.

Rolleicord ƙanwarta ce daga gida ɗaya, ta fito a 1933 don masu ƙaramin ƙarfi. An cire mata hannun juyi, abin murɗawa take da shi na naɗe fim, shota kuma kai za ka ɗana ta da kanka kafin kowane hoto. Wannan ƙarancin kayan ciki shi ne alherinta: abin da zai lalace kaɗan ne, ba ta kai kilo ɗaya ba, ƙarfenta kuma na Jamus ne na gaske. Aibinta allon kallo mai duhu, musamman a tsofaffin samfura. A waje ba za ka damu ba, a cikin zaure ko ɗakin amarya ne za ka sha wahalar fokas. Vb, wadda aka fara a 1962, ita ce ta fi sauƙin canja wa allo.

Yashica ita ce za ka fi cin karo da ita. Mat 124G an yi ta daga 1970 zuwa 1986, saboda haka galibi ta fi Rolleiflex da Rolleicord ɗin nan ƙananan shekaru, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga na'urar da ke aiki da sifirin da giris. Idonta Yashinon 80mm f/3.5 ne mai gilashi huɗu, tsarin Tessar, shotarta Copal daga daƙiƙa 1 zuwa 1/500, allonta kuma ya fi na Rolleicord haske. Sai dai sunanta ya yi tashe har farashinta ya wuce ƙimarta. Kada mitar haske da ke jikinta ta sa ka ƙara ko kwabo: an yi ta ne don batirin makuri mai bolt 1.35 da aka daina yi, yawancinsu kuma sun daina faɗin gaskiya. Manhajar auna haske a wayarka ta wadatar. Tsohuwar Yashica-Mat marar mita, ko Yashica-D, hoto iri ɗaya za su ba ka in dai Yashinon ne a rubuce a zoben ido. In ka ga Yashikor, mai gilashi uku ne, gefensa yana da laushi in an buɗe shi, amma daga f/8 ya yi daidai. Hannun juyin Yashica ba ya son gaggawa, haƙoran cikinsa ba su kai na Rollei ƙwari ba, ka riƙa juya shi a hankali. Kuma kada ka taɓa ɗana abin jinkirin ɗauka alhali ɗan maɓallin filasha yana kan M. Shotar cijewa take yi, mutane da yawa sun kashe tasu ta wannan hanya. Ka bar shi a kan X har abada.

Minolta Autocord, da aka yi daga 1955 zuwa 1966, idonta Rokkor ba ya jin kunyar kowa a ajinsa. Matsalarta ɗan hannun fokas da ke ƙarƙashin ido: ƙarfensa mai gautsi ne, in giris ya daskare aka matsa masa sai ya karye. In ka sami wadda hannunta ke tafiya sumul, ka riƙe ta da kyau. Lubitel ta Rasha da Seagull ta Sin kuwa, ban ba ka shawararsu a matsayin ta farko ba. Allon Lubitel yana da wuyar fokas, Seagull kuma sa'a ce, wata ta yi kyau wata ta ba ka ciwon kai.

Tunda hoton mutane ka ce, dole mu tsaya a kan Mamiya, don a nan ne shawarata za ta iya juyawa. Duk waɗanda na lissafa idonsu a kafe yake, 75mm ko 80mm, kuma ba sa fokas a ƙasa da kimanin mita ɗaya. A wannan tazara mutum daga ƙugu ko ƙirji zuwa sama za ka samu. In fuska zalla kake so ta cika hoto, sai ka ɗaura gilashin kusa irin Rolleinar, shi kuma matsowa sosai yana kumbura hanci, ba wanda zai gode maka. Mamiya C220 ta 1968 da C330 ta 1969 suna cikin waɗanda aka yi wa idanu masu cirewa, daga 55mm har 250mm, kowane biyu da shotarsu a jiki. Da 135mm ko 180mm kana tsaye nesa kaɗan fuska ta cika allo ba tare da ta canja kama ba. Tana da zugazugi da ke miƙewa, don haka tana matsowa har ta ɗauki zanen lalle a tafin hannu, C330 kuma tana da wata allura a allo da ke nuna maka inda saman hoton zai tsaya in ka matso. Ga wani alheri da ya shafe mu kai tsaye: tunda shota a jikin ido take, in ta mutu sai ka sayi wani idon, kyamarar tana nan daram. Kuɗin da za ka biya shi ne nauyi. C330 da idonta ta kai wajen kilo 1.7, ta Yashica kuwa kilo ɗaya da 'yan kai. In aikinka a shago ne ko a tsakar gida a kan ƙafa uku, Mamiya ce taka, kada ma ka waiwayi sauran. In kuwa yawo za ka yi da ita daga Kasuwar Barci zuwa Panteka a ƙafa, kafin azahar wuyanka zai gaya maka gaskiya, daga nan sai ta koma zaman durowa.

Ni dai a ganina, mutanenmu ba hoton fuska zalla ne ya fi fito da su ba. Babbar riga, naɗin rawani, ɗaurin ɗankwali, tabarmar da dattijo ke zaune a kai da butarsa a gefe, duk suna cikin labarin mutum, kuma murabba'in 6x6 da ido 80mm kamar don su aka yanka. Ka nemi hotunan da Sanlé Sory ya ɗauka da Rolleiflex a shagonsa na Volta Photo a Bobo-Dioulasso tun daga shekarun 1960, ka ga yadda mutum da kayansa da abin da yake taƙama da shi suke zama daidai cikin murabba'i. Sannan kyamarar tana wajen cibiyarka, tana kallon mutum daga ƙasa kaɗan, abin da ke ƙara masa kwarjini. Kai kuma kanka a sunkuye yake. Ka gaisa, ka nemi izini, ka rusuna kana duba allo, ka ɗago ku ci gaba da hira fuska da fuska, ka danna ba tare da ka ɓoye idonka a bayan ƙarfe ba. Dattawa da mata da ke takura in an auna su da dogon ido, a gaban wannan sukan saki jiki. Wannan ne babban dalilin da ya sa har yau nake ƙaunarta. Inda take ba da wahala shi ne abu mai gudu. Ka je Hawan Sallah a Zariya da ita, doki ya yi dama kai ka bi shi hagu. Maganinsa yana jikin murfin sama: ka tura gabansa ciki ya zama taga, ka ɗaga kyamarar zuwa ido ka leƙa kai tsaye, bayan ka riga ka saita fokas a inda dawakin za su wuce.

Yanzu ga dubawa, ko a hannun wani tsohon mai hoto ka same ta a Tudun Wada, ko daga Japan aka aiko maka ta intanet. Fara da shota. Sa ta a daƙiƙa 1 ka danna, ka kasa kunne. Aikin agogo ne a ciki, ya kamata ka ji zirrr ɗaya miƙaƙƙe ta rufe. In ta yi jinkiri, ko ta tsaya a hanya, tsohon mai ya daskare. Bi sauran matakan ɗaya bayan ɗaya kana kallo ta baya, ka ga kowanne ya fi na gabansa sauri. Sai ka sa ta a B, matakin da shota ke zama a buɗe muddin kana danne da ita, ka buɗe baya, ka haska tocilan waya ta cikin idon ƙasa. 'Yar ƙura ba komai ba ce, ƙaramin karce a gaba ma ba ya hana hoto. Abin gudu shi ne hazo da ya lulluɓe gilashi, da fumfuna mai kama da saƙar gizo-gizo, da mai a kan ganyen shota. Idon sama ko ya karce kada ka damu, ka dai nemi ragi. Daga nan ka kalli farantin gaba ta gefe kana murɗa fokas: ya fita ya koma a miƙe, tazararsa da jiki iri ɗaya ta kowace kusurwa. In ya karkace, kyamarar ta taɓa faɗuwa ta fuska, idanun biyu sun daina yarda da juna, za ka ga fokas daidai a allo fim kuma ya ga wani abu dabam. Wannan ka bar ta ko nawa aka ce. Duba ƙofar baya ko ta lanƙwashe, duba zugazugin Mamiya a ɗaki mai duhu da tocila a ciki ko haske zai tsiyayo, kuma ka tabbata akwai sandar naɗi marar fim a ciki, don in babu ita ba ka da inda fim ɗinka na farko zai naɗu.

In shota ta cije, ina roƙonka kada ka ɗiga mata man keken ɗinki, kada kuma ka fesa mata abin fesa kwaɗo. Ganyenta a bushe suke aiki. Kada ka kai wa mai gyaran waya. Tsohon mai gyaran agogo mai haƙuri ya fi kusa da fahimtarta, shi ma sai in ya yarda ba zai sa mai a ganyen ba.

Yanayin Kaduna yana cin kyamara ta fuska biyu. Da damina, musamman Agusta da Satumba, laima ke haifar da fumfuna. Jakar fata mai kyan nan da take zuwa da ita ita ce babbar mai riƙe laima, ka cire ta ka ajiye daban. Ka sa kyamarar a robar da ke rufuwa ruf, da ƙullin silika irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, kana fito da ita tana shan iska da haske a kai a kai, kana danna shotar ko babu fim. Da hunturu kuma ƙura ce, tana shiga ta saman allo ta kwanta a madubi. Kada ka goge madubin da tsumma, azurfarsa a sama take, gogewa ɗaya ta isa ta ɓata shi. Hura masa iska kawai. Gilashin ido ma a hure shi tukuna kafin a shafa, don ƙurar hunturu tana karce.

Fim kuwa, ka ɗauka tun yanzu cewa oda za ka riƙa yi, kuma wankinsa a hannunka yake. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Baƙi da fari ba ya bukatar ɗakin duhu: jakar duhu ta sa hannu, tankin wanki irin na Paterson, ma'aunin zafi, maganin fitarwa da na kafewa, shi ke nan. Rodinal, wanda Agfa ta fito da shi tun 1891, ya dace da mu don ruwa ne mai ƙarfi da ake tsarmawa kaɗan-kaɗan, kuma yana daɗewa bai lalace ba. Lokutan da ke rubuce a takarda na digiri 20 ne, ruwan famfonmu a Maris da Afrilu kuwa ya wuce haka nesa, sai ka sanyaya shi da ƙanƙara ka auna kafin ka zuba. Da hunturu ka shanya fim a banɗaki bayan ka yayyafa ruwa a ƙasa ka rufe ƙofa, in ba haka ba ƙura za ta manne masa har abada. Mai launi, irin Portra ko Gold 200, yana son digiri 38 daidai da magani mai saurin tsufa, ka bar shi sai hannunka ya faɗa. Wanda ba ka ɗura ba ka ajiye a firji cikin leda, ko wuta ba ta tsayawa ya fi zaman cikin mota, kuma in ka fito da shi ka bari ya huce kafin ka yage takardarsa. In wani zai taho maka da shi ta jirgi, ya riƙe a jakar hannu ya nemi a duba da hannu, don sababbin na'urorin binciken kaya suna ɓata fim.

Wane fim? Shotar waɗannan kyamarori a 1/500 ta tsaya, tsofaffi ma ba sa kaiwa can da gaske. Fim mai ISO 400, irin HP5 Plus ko Tri-X, a tsakar ranar Kaduna zai ƙure ka a 1/500 da f/16, sauran wurin motsinka kaɗan ne. Don waje ka ɗauki Fomapan 100 ko FP4 Plus mai 125: rana tsaka 1/125 a f/16, in hazo ya rufe f/11, a inuwar bishiya f/5.6. Mai 400 ka bar wa zaure da yamma. Kuma ka riƙe wannan, don ya shafi kusan duk hoton da za ka ɗauka: baƙar fata cikin farar shadda tana ruɗa mita. Farin ya cika mata ido sai ta ce a rage haske, fuska ta nutse. Ka auna a kan fuskar, ko ka ƙara mataki ɗaya a kan abin da ta faɗa. Nagatif yana jure ƙarin haske, ƙarancinsa ne ba ya yafewa. Ka sayi hular ido mai tare hasken gefe tun ranar farko. Ta Yashica da Rolleicord da Autocord duk girma ɗaya ce, wadda ake kira Bay 1. In kuma dole sai a rana, irin wannan shota tana tafiya da filasha a kowane mataki har 1/500, sai ka cike inuwar da hula ke jefawa a fuska.

Naɗin farko na gwaji ne, ka yi shi cikin kwanakin da mai sayarwa ya yarda a mayar masa. Ɗauki abu mai nisa, kamar hasumiyar Masallacin Sultan Bello daga can nesa, a f/3.5. Jera kwalabe a kan tebur, ka yi fokas a kan ta tsakiya daga mita ɗaya da rabi, shi ma a f/3.5. Sannan ka ɗauki bango ɗaya sau huɗu, kana sauya gudun shota da ƙofar haske yadda hasken zai zama daidai: 1/30 a f/16, 1/60 a f/11, 1/125 a f/8, 1/250 a f/5.6. In ka wanke, huɗun nan su fito da duhu iri ɗaya. Wanda ya fi sauran duhu, shota tana jan ƙafa a wannan matakin. In kwalbar gaba ko ta baya ce ta fito da kaifi maimakon ta tsakiya, idanun sun saɓa. Baƙin zane a gefen nagatif haske ne ke shiga ta ƙofar baya, wannan kai ma za ka iya toshe shi da sabon soso ko baƙin zaren ulu. In kuwa hotuna suna hawa kan juna, ko tazararsu tana ta faɗaɗa har na 12 ya faɗo waje, matsalar a haƙoran naɗi take, ka mayar masa da kayansa ka karɓi kuɗinka.